Sau biyu na binne harshen uwata

Assalamu alaikum. Idan ina ciniki a kasuwa ba mai gane cewa ba a ƙasar Hausa aka yanke mini cibiya ba, sai fa in raina ya ɓaci harshena ya karye. Ni 'yar Laberiya ce, Bamandinga, kuma ina cikin matan da suka auri sojojin Najeriya a lokacin yaƙin ƙasarmu. Na daɗe ina riƙe da wannan labari a ciki. 'Yata ce ta matsa mini, ta ce ko don su da jikokina in rubuta.

An haife ni a 1975 a garin Ganta, cikin yankin Nimba, dab da iyakar Gini. Babana fataucin goro yake yi da atamfa, kullum yana kan hanya tsakanin Ganta da Monrobiya. A 1988 ya kai ni wurin gwaggona a unguwar Clara Town da ke tsibirin Bushrod a Monrobiya, don in yi makarantar boko. Ranar da zan tafi mahaifiyata ta ƙulla mini goro biyu a bakin zani, ta ce in ba gwaggo. Ta raka ni tasha, ta tsaya har mota ta tashi. Ban ƙara ganin fuskarta ba.

Ranar 24 ga Disamba 1989 'yan tawayen Charles Taylor suka shigo Nimba daga Kodebuwa. A Monrobiya mun ɗauka abu ne na daji, na mako biyu. Kafin tsakiyar 1990 sun iso bakin birni. A lokacin 'yan ƙabilarmu ta Mandingo sun zama abin farauta, saboda ana ganin suna tare da gwamnatin Samuel Doe. A shingayen hanya yara ƙanana masu bindiga ne ke tsayar da mutane, su ce ka yi magana da yarenku, su duba goshinka ko akwai tabon sallah. Wani direba ne ya kawo mana labarin babana. Ya ce an sauke shi daga mota a wani shinge bayan Kakata, an shiga da shi daji, motar ta wuce ba shi. Ba gawa, ba kabari. Mahaifiyata da ƙannena kuwa aka ce sun tsallaka Gini, amma ba wanda ya san inda suka nufa.

A daren nan gwaggo ta zaunar da ni. Ta cire mini ɗankwali, ta ba ni wani suna irin na Kiristoci, ta ce: "Daga yau ba ki san yarenmu ba. Ko a mafarki kada ki yi shi." Shekarata 15. Muka koma yin sallah a zaune a bayan ƙofa, cikin duhu. Wannan ne karo na farko da na binne harshen uwata.

Yunwar 1990 ba ta faɗuwa. Shinkafa ta ɓace har ana kiranta ƙurar zinariya. Mun ci zuciyar bishiyar manja, mun ci dodon-koɗi, mun tauna rake mun kwanta. Ranar 24 ga Agusta sojojin ECOMOG, rundunar kiyaye zaman lafiya ta ƙasashen Afirka ta Yamma, suka sauka a tashar jiragen ruwa, wadda ba ta da nisa da unguwarmu: 'yan Najeriya, Gana, Gini, Saliyo da Gambiya. Bayan kamar mako biyu aka kashe Doe. Ina so mai karatu ya gane wani abu a nan, domin shi ne tushen irin aurenmu. A garin da ba abinci, ba albashi, ba hukuma, mutumin da ke da buhun shinkafa da bindiga da izinin wucewa shinge shi ne komai. Ba kowace yarinya da ta bi soja ce ta bi shi don so ba, kuma ba kowace ce lalatacciya ba kamar yadda ake faɗa. Da yawa ƙannensu suke ciyarwa. Na san waɗanda aka yaudara, na san waɗanda aka tilasta, na san kuma waɗanda suka sami mutanen kirki.

Gwaggo ta fara sayar da abinci kusa da tashar, ina taya ta. Shekaru suka yi ta tafiya a haka, yau lafiya gobe harbi. Mun ga harin Oktoban 1992, mun tsira. Sai ranar 6 ga Afrilu 1996 yaƙi ya ɓarke a tsakiyar birnin kansa, aka yi makonni ana ƙone-ƙone da wawashe dukiya. Ɗakinmu ya tafi a ciki. Muka kwana a wani kangon sito kusa da wurin sojoji, mu fiye da ɗari.

A nan na san sojan Najeriya da ya zama mijina. Kofur ne, baƙi, dogo, ba ya yawan magana. Wata asuba ya same ni ina alwala a ɓoye bayan wata tankar ruwa. Na firgita na zubar da butar. Ya dube ni ya ce da guntun Turancinsa, ashe ke Musulma ce? Na yi shiru. Washegari ya kawo mini darduma da ɗankwali sabo, ya ajiye ya tafi. Shekara shida rabona da in ɗaura ɗankwali a bainar jama'a. Na rungume shi na yi kukan da ban yi wa babana ba.

Ba zan yi ƙarya ba, da ya nemi aurena wurin gwaggo, abin da na fara lissafawa shi ne za mu riƙa cin abinci sau biyu a rana. So daga baya ya zo, kuma ya zo da gaske. An ɗaura aure a wani ƙaramin masallaci a ƙarshen 1996, mijin gwaggo ne waliyyi, abokan aikinsa biyu suka shaida. An raba goro, an ba da sadaki da buhun shinkafa guda. Ba wanda ya rubuta ko da layi ɗaya a takarda. Ba wanda ya yi tunanin hakan ma.

Na haifi ɗana na fari a 1997, shekarar da aka yi zaɓe Taylor ya ci. A farkon 1998 aka tura rundunarsu Saliyo. Lokacin ne na ga abin da har yau yake hana ni barci: mata da goyo a bakin tashar jiragen ruwa, kowace riƙe da hoto ko 'yar takarda mai sunan wani bariki, suna tambayar duk sojan da ya wuce. Wata ƙawata ta yi wata da watanni tana zuwa kullum da tagwayenta. Sunan da mutumin ya ba ta ma ashe ba nasa ba ne. Yaran da aka bari a haka suna da yawa, a can ana kiransu 'ya'yan ECOMOG, yanzu duk sun zama magidanta ba su san dangin ubansu ba. Ni Allah ya sa nawa ya cika alkawari. Ya aiko da kuɗin jirgi, ya haɗa ni da wani ɗan garinsu da zai tafi hutu. Gwaggo ta ce in tafi, nan ba abin da ya rage. Muka shiga jirgin ruwan ɗaukar kaya zuwa Legas, daga nan motar dare zuwa Kano, daga Kano wata ƙaramar mota zuwa ƙauyensu.

A watan Disamba na iso, tsakiyar hunturu. Ni da na tashi inda ruwan sama ke zuba wata shida, ban taɓa ganin ƙasa ta bushe haka ba. Leɓena ya tsage, ƙafata ta yi kaushi, yaron ya kwana yana tari. Aka shigar da ni wani gida mai zaure. Mata suka cika tsakar gida suna kallona, ba na jin ko kalma ɗaya. Sai na ji yara suna kiran wata tsohuwa "Inna, Inna". A yarenmu, idan za ka ce uwata, "n na" kake cewa. Gwiwata ta saki, na durƙusa a gabanta ina hawaye. Ita ta ɗauka gaisuwa ce ta ladabi, ta dafa kaina, ta karɓi yaron ta duba kunnuwansa da yatsunsa, ta ce wani abu, matan suka yi guɗa. Daga baya na ji cewa ta ce: "Wannan namu ne, ba tambaya."

A cikin matan akwai wata da ba ta yi guɗa ba. Tana tsaye a bakin ɗakinta da yara uku. Sai da aka kwana biyu na gane ko wace ce. Bai taɓa gaya mini yana da mata ba. Kishiya ba baƙon abu ba ce a wurinmu, babana ma mata biyu gare shi. Ɓoyewar ce ta ci mini rai, ga shi ba ya nan balle in tambaye shi. Ita ma ashe a wasiƙa ta ji, mako guda kafin in iso.

Watannin farko sun yi mini tsanani. A ƙasarmu in ba ka ci shinkafa ba, ba ka ci abinci ba ranar. A nan tuwon dawa ne da miyar kuka dare da rana, in haɗiya ya tsaya mini a wuya. Ban iya surfe ba, ban iya tuƙa tuwo ba, na farko da na yi sai kaji aka zuba wa. Ni da na saba yawon kasuwa, ga ni a kulle. Da na fara tsintar Hausa, kalmomin da na fara ganewa su ne waɗanda ake faɗa a kaina a gidan biki: "matar yaƙi", "ganima". Wata ta ce a gabana wai mutanen ƙasarmu cin mutane suke yi, a riƙa lura da yara. Na koma ɗaki na toshe bakina da zani don kada a ji kukana.

Abin da ya karya ƙanƙarar tsakanina da uwargida rediyo ne. Ranar 6 ga Janairu 1999, cikin azumi, 'yan tawaye suka shiga Firitawun, babban birnin Saliyo, inda maigidanmu yake. Gidan ya rikice. Inna ta kasa buɗa baki. Da dare uwargida ta ɗaga labulen ɗakina, karo na farko, riƙe da rediyo. Ta riga ta saurari sashen Hausa, tana so in murɗa tashar Turanci ko akwai ƙarin bayani. Muka zauna a tabarma ɗaya, ina saurare ina kwatanta mata da hannu da 'yan kalmomin da na sani. Sai ta tambaye ni, a hankali yadda zan gane: "Amarya, yaya yaƙi yake?" Na nuna mata tabon da ke ƙafata. Ta daɗe tana kallo. Da asuba ta kawo mini kunun tsamiya na sahur da hannunta. Tun daga ranar nake kiranta Yaya. Ita ta koya mini tuƙin tuwo, ita ta koya mini gaisuwar surukai, wa ake durƙusa wa, sunan wa ba a faɗa. Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne, ni na gani da idona.

Ya dawo a 2000 da ransa, amma ba mutumin da na sani ba. Ya kan farka tsakar dare yana ihu, ƙarar tayar mota in ta fashe sai ya kwanta ƙasa. A duk gidan ni kaɗai na san abin da ke damunsa, don ni ma ina da irinsa. Na tambaye shi dalilin ɓoye mini Yaya. Ya sunkuyar da kai ya ce tsoro ya ji kada in ƙi, kuma bai yi zaton zai fita daga ƙasar da rai ba. Ya nemi gafara, na yafe. Muka koma bariki, na ƙara haihuwa uku, na shiga Islamiyya da ajin yaƙi da jahilci inda na koyi rubuta Hausa.

Yanzu zan faɗi kuskuren da na yi da hannuna, wanda ba yaƙi ne ya sa ni ba. Ina yi wa ɗana na fari waƙar reno da yarenmu, yana kirana "n na". Wata rana yana ɗan shekara biyar ya dawo daga makarantar allo yana kuka, wai yara sun ce shi ba Bahaushe ba ne, uwarsa mai yaren aljanu ce. A ranar na yanke shawara. Na daina yi masa yaren gaba ɗaya. Idan ya ce "n na" sai in ce a'a, Umma za ka ce. Ƙannensa uku ba su taɓa jin kalma ɗaya daga bakina ba. Maigidan ya yi mini magana, ya ce ki koya musu mana, harshe ai dukiya ne. Yaya ma ta ce haka. Na ƙi. Ina ganin kariya nake ba su, yadda gwaggo ta kare ni. Ban lura ba cewa a can bindiga ce a kaina, a nan kuwa bakin yara ne kawai, wanda da na yi haƙuri zai wuce. Wannan ne karo na biyu, kuma ni na haƙa ramin.

Maigidan ya yi ritaya, muka zauna a Kano. A 2009 ciwon hanta ya kwantar da shi, Allah ya karɓi abinsa. Allah ya jiƙansa, ya riƙe ni da amana iya ƙarfinsa. Ko takaba ban gama ba wani daga cikin danginsa ya tayar da maganar gado. Ya ce auren da aka yi a bakin daga ba wanda ya gani, ina shaida, ina takarda? Inna ta riga ta rasu, babu mai tsawatarwa. Ma'anar maganarsa ita ce 'ya'yana huɗu ba 'ya'yan sunna ba ne. Ban taɓa jin kaina bare ba kamar ranar. Ba uba, ba wa, ba ƙasar da zan koma.

Yaya ce ta miƙe. Ta sayar da tumakinta biyu, ta tura babban ɗanta neman abokan aikin marigayin. Ɗaya daga cikin shaidun ya mutu a Saliyo, ɗayan aka same shi a Zariya, ya tsufa yana gadi. Ya zo gaban alƙali ya faɗi masallacin, ya faɗi sadakin, har buhun shinkafar bai manta ba. Yaya ta ce: "Allah ya gafarta Malam, shekara 11 muna raba kwana da ita, uwar mijinmu ta karɓe ta, in ba matarsa ba ce to ni ma ba matarsa ba ce." Aka raba gado, ni da ita muka raba tumunin. Duk matar da za ta bi miji wata ƙasa, ina roƙonta ta sa a rubuta auren, ta riƙe takardar a jikinta, ta kuma san sunan garinsu da na iyayensa tun kafin ta tashi. Tsarin mulkin Najeriya ya ba matar ɗan ƙasa damar neman zama 'yar ƙasa, amma kowane ofishi na shiga abin da ake fara tambayata shi ne shaidar aure. Takardar kotun nan ce ta buɗe mini ƙofofin daga baya.

Bayan takaba na kama dillancin atamfa, ina sarowa a Kantin Kwari ina bi gida-gida. Wata rana a 2011 ina cikin wani shago sai na ji mata biyu a bayana suna shawarar farashi da wani yare. Jikina ya ɗauki rawa tun kafin kaina ya gane. 'Yan Mali ne, Bambaranci suke yi, wanda ɗan'uwan yarenmu ne. Na juya na ce, "I ni ce." Harshena ya yi nauyi kamar na mai koyo. Suka amsa, suka tambaye ni 'yar ina ce. Na zauna a kan dilar atamfa na kasa magana. Ɗayarsu tana kai kaya har Kankan a Gini. Na ba ta sunan babana da na kakana da garinmu da lambar wayata. Ta ce Mandingo ba sa ɓata wa juna, za ta ba direbobi da limamai.

Bayan wata takwas, ina wanke-wanke, waya ta yi ƙara da baƙuwar lamba. Murya ta tsufa, amma mahaifiyata ce. Ta kira ni da sunan da ita kaɗai ke kirana da shi. Suna Nzerekore a Gini, ita da ƙanwata. Ta ce ta je Monrobiya nemana bayan yaƙi ya lafa, ta tarar gwaggo ta rasu, unguwar ta watse, wani ya ce mata na mutu a rikicin Afrilu. Har sadaka ta yi mini. Shekara 23 rabona da muryarta.

Sai ta ce in ba ta jikokinta. Na miƙa wa babban wayar. Ta yi ta magana, tana sa masa albarka, tana tambayarsa. Yana tsaye yana kallona, ya ce: "Umma, me take cewa?" Da na sani ƙeya ce. Na karɓi wayar ina fassara, ita kuma ta yi shiru, sannan ta tambaye ni a hankali: ba ki koya musu ba? Ba ta yi faɗa ba. Da ta yi faɗa da ya fi mini sauƙi.

Ita ce ta samo mafita. Ta ce a ba shi wayar ya karanta mata Fatiha. Ya karanta, tana bin sa daga can. Daga nan duk Juma'a in na sayi kati, yaran su jeru, kowa ya karanta wa kakarsa surar da ya kai, ita ta ce amin, ta yi musu addu'a da yaren da ba sa ji. Shekara uku muna haka. Na shiga adashi don in je. Kwasata ta zo a 2014, daidai lokacin da cutar Ebola ta ɓarke a wannan yanki na Gini, aka rufe iyakoki. Na ce bari ta lafa. A farkon 2015 ƙanwata ta kira da asuba. Ba Ebola ba ce, tsufa ne da hawan jini.

Sai a 2017 na tafi, ta mota: Maraɗi, Yamai, Wagadugu, Bamako, Kankan, har Nzerekore, kwana shida a hanya. Yaya ce ta riƙe mini yara. Ƙanwata ta kai ni kabarin, sannan ta ɗauko wani tsohon zani da mahaifiyarmu ta ajiye, ta ce in na zo a ba ni. Daga nan muka tsallaka Ganta. Filin gidanmu wasu ne a kai, sun yi gini, ban yi magana ba. Na tsaya a tasha inda ta raka ni, na yi wa babana addu'a a nan tunda ba ni da wani wurin.

Na dawo da itacen rogo 'yan sanduna a cikin kaya, na dasa a bayan gida. Ba ya son ƙasar nan sosai, sai da ban-ruwa, amma yana ba ni ganyen da nake dakawa in yi miyarmu da manja da busasshen kifi, a ci da shinkafa. Yaya takan aiko jikarta da kwano duk ranar da ta ji ƙarar turmin. Babban ɗana ya yi aure, ya ce shi kansa ya riga ya bushe, amma ya kawo mini 'yarsa. Tana da shekara huɗu yanzu, tana wuni a wurina. Ta iya gaisuwar safe, ta iya ƙirga ɗaya zuwa goma, ta iya waƙar renon da na katse wa ubanta. Ran Juma'ar da ta wuce na kira ƙanwata ta WhatsApp na miƙa mata wayar, suka yi ta hira su biyu, ni ina gefe ina tsinke ganyen rogo.